Bututun Da Ya Ƙetare Titi

Ni na yi waldar bututun nan.
Sunana Vagn. Shekara talatin da ɗaya
ina haɗa ƙarfe da ƙarfe a gaɓar tekun Denmak,
inda iska kan sa mutum ya rusuna
ko bai yi niyyar gaisuwa ba.

Kamfanin cukwi na Ingelise
kullum sai ya dafa madara tanki bakwai,
ragowar zafin a sake shi sama,
farin tururi ya bi tsuntsayen teku.
A tsallaken titi, Aksel na ƙona gas dare da rana
don tumatirinsa su ji ɗumi a gidan gilashi.
Wannan na zubar da abin da wancan ke saye.
Shekara goma sha tara a haka,
ko kallo bai haɗa su ba,
saboda wata tsohuwar rigimar shinge
da su kansu sun manta mafarinta.

Solvej ce ta gano, akanta mai ƙaramar murya.
Ta ajiye takardar kuɗin gas
kusa da hoton tururin,
ta ja bakinta ta yi shiru.

Zama huɗu aka yi, kofi na hucewa a kofuna.
Wa zai biya kuɗin haƙa?
In ya tsage, na wane ne?
Aksel ya bugi tebur.
Ingelise ta rataya jaka.
Sai Preben, mai wankin zannuwan asibiti,
wanda aka kira don cike kujera,
ya ce shi ma ruwan zafinsa kwata ke sha,
a ja masa reshe in ba damuwa.
Jaka ta koma ƙasa.

Kada in ɓoye muku:
ba tausayin sararin sama ya zaunar da su ba.
Lissafi ne. Kuɗin wuta ya ciji kowa.
Tausayin daga baya ya iso,
a ƙafa, kamar baƙon da mota ta bari.

Na shiga ramin a watan Nuwamba.
Mita ɗari tara da sittin,
yatsu sun ƙage, gemu ya yi ƙanƙara,
ina bin gaɓa ɗaya bayan ɗaya
kamar mai ɗinke ɓarakar da ba shi ya yi ba.

Sai daren nan na Janairu.
Ƙarfe biyu, tukunyar Ingelise ta mutu murus.
Bututu ya soma sanyi a hannuna.
Ga Aksel a rigar barci da takalmin roba,
tsaye cikin shuka dubu goma sha biyu,
yana kallon ma'aunin zafi na gangarowa.
Wanda ya jingina da maƙwabci,
ranar da maƙwabci ya yi tuntuɓe fa?

Preben ya tashi yaransa ta waya.
Suka kunna injuna takwas gaba ɗaya,
suka wanke zannuwan gobe,
da na jibi,
da waɗanda aka riga aka wanke aka ninke.
Na murɗa bawul, ruwan wanki ya kama hanya.
Ingelise ta ƙetaro titin da tocila,
karon farko,
ta tsaya kusa da Aksel har gari ya waye.
Layi biyu na bakin ƙofa kawai aka rasa.

Yanzu tsohuwar tukunyar gas
sai a kunna ta sau ɗaya a wata, don kada ta yi tsatsa.
Solvej ta san tan nawa na hayaƙi
ba su hau sama bara ba.
Ta faɗa mini, na manta.

Abin da na sani:
bayan shagon burodi akwai gaɓa ɗaya
da ban lulluɓe da kyau ba.
Dusar ƙanƙara ba ta kwana a wurin.
Kyanwoyin unguwa sun gano shi,
su biyar, wani lokaci shida, a jere.
Solvej ta ce asara ce, in gyara.
Na ce mata to.
Hunturu uku ke nan ina cewa to.